Barci da Karatu: Bashin da Ɗalibi Ke Ci Bai Sani Ba

A kowace jami'a, da zarar an kafa jadawalin jarrabawa sai dare ya koma rana. Ɗakunan karatu su cika maƙil, fitilu su kwana a kunne, mai shayi na bakin ƙofa ya kai asuba yana ciniki. Ɗalibin da ya rufe littafi ƙarfe 11 ya nufi makwanci sai a dube shi a matsayin rago, wanda kuwa ya wayi gari idanu jawur shi ne gwarzo. Tushen wannan ra'ayi shi ne zaton da ake yi wai barci lokaci ne da ke tafiya a banza, watau duk awar da aka tsakura daga cikinsa riba ce. Binciken da masana suka shafe shekara ɗari suna yi ya nuna zaton nan kuskure ne, kuma ba wanda ya kai ɗalibi hasara a cikinsa, gama shi jarinsa duka a ƙwaƙwalwa yake.

Tun a 1924 waɗansu malamai biyu, Jenkins da Dallenbach, suka yi wani ɗan gwaji a Jami'ar Cornell ta Amurka. Suka sa ɗalibai biyu haddace jerin gaɓoɓi marasa ma'ana, sa'an nan aka riƙa tambayarsu bayan awa 1, da 2, da 4, da 8, wani lokaci bayan sun yi barci, wani lokaci bayan sun wuni suna harkokinsu. Aka tarar abin da suke riƙewa bayan barci ya fi yawa nesa ba kusa ba. Mutum biyu ba su isa a kafa hujja da su ba, amma an sake irin gwajin nan sau da yawa da ɗimbin mutane, sakamakon kuwa yana nan yadda yake.

Dalilin haka bai fara fitowa fili ba sai a 1953, sa'ad da Aserinsky da Kleitman na Jami'ar Shikago suka lura cewa akwai lokutan da idanun mai barci ke kai-kawo da sauri a ƙarƙashin fatarsu, kuma in aka tashe shi a lokacin galibi sai ya ce mafarki yake yi. Daga nan aka gane barci hawa-hawa ne. Mutum yakan fara da gyangyaɗi, ya shiga barci mara nauyi, ya nutsa cikin mai nauyi, kana ya fito zuwa barcin mafarki. Zagaye ɗaya yakan ɗauki wajen minti 90, a dare guda kuwa akan yi 4 zuwa 6. Amma fa zagayen ba daidai suke ba. Barci mai nauyi ya fi yawa a farkon dare, na mafarki kuwa yana ƙara tsawo ne can wajen asuba.

A nan ne maganar ta shafi karatu. Akwai wani sashe a cikin ƙwaƙwalwa da ake kira hifokamfas, wanda shi ke fara karɓar sabon abin da aka koya. Misalinsa kamar masussuka ne, inda ake jibge hatsi kafin a kai shi rumbu. Lokacin barci mai nauyi ƙwaƙwalwa takan maimaita abin da aka tara da rana, ta riƙa kwashe shi zuwa ma'aji mai ɗorewa. Ɗalibin da ya kwana yana karatu bai runtsa ba ya yi noma, ya yi girbi, sa'an nan ya bar hatsin a fili. Daɗin daɗawa, ƙwaƙwalwar da ba ta huta ba ba ta karɓar sabon abu yadda ya kamata, saboda haka shafukan da ya bi da ido tsakanin ƙarfe 3 da asuba kaɗan ne daga cikinsu suka shiga tun farko.

Abin da ya fi kwana zaune na dare ɗaya haɗari shi ne ragin da ake yi kullum, kaɗan-kaɗan. Masana sun daidaita a kan cewa baligi yana bukatar awa 7 zuwa 9. A 2003 aka buga sakamakon wani bincike na Jami'ar Fensilbaniya, inda aka taƙaita wa waɗansu mutane barci zuwa awa 6 har kwana 14. Kaifin hankalinsu ya yi ta raguwa kowace rana, har ya kusanci na wanda ya yi dare ɗaya ko biyu bai kwanta ba sam. Abin mamakin shi ne, su a ganinsu ɗan barcin da suke ji bai taka kara ya karya ba. Watau rashin barci yakan fara lalata ma'aunin da mutum ke auna kansa da shi, shi ya sa mai cewa ya saba ba a cika gaskata shi ba. Haka kuma a 1997 Dawson da Reid na ƙasar Ostireliya sun nuna cewa wanda ya yi awa 17 a farke, saurin hannunsa da idonsa yakan ragu kamar na wanda ya ɗan sha barasa. Wannan ya kamata ya ja hankalin ma'aikacin da ke tashi daga ofis da yamma ya kama doguwar hanya da mota, da akawun da ke lissafin kuɗin jama'a yana hamma.

A 2019 aka bi diddigin barcin ɗalibai wajen 100 a makarantar MIT, tsawon zangon karatu guda, da wata 'yar na'ura da ake ɗaurawa a hannu. Waɗanda suka fi samun isasshen barci, kuma a kan lokaci tsayayye, su ne suka fi samun maki. Barcin daren jajiberin jarrabawa shi kaɗai bai nuna wani bambanci ba, wanda ya yi tasiri shi ne na mako da watan da suka gabata, lokacin da ake koyon darasin. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai maganar goro da shayi da kofi. Muddin mutum yana farke, wani sinadari mai suna adinosin yana taruwa a ƙwaƙwalwarsa, shi ne ke kawo nauyin ido. Sinadarin kafeyin da ke cikin waɗannan abubuwa uku ba ya kawar da adinosin, toshe masa ƙofa kawai yake yi, in ya gushe kuwa gajiyar ta dawo gaba ɗaya. Jiki yakan ɗauki kimanin awa 5 kafin ya rage rabinsa. Ke nan wanda ya sha kofi mai ƙarfi da magariba, rabinsa na nan a jininsa ƙarfe 12 na dare, ko da barci ya ɗauke shi ba zai yi nauyi ba. Goron safe ba laifi, na bayan la'asar ne abin dubawa. Ƙwayoyin hana barci ko na sa barci da ake saye ba da izinin likita ba kuwa, wannan wata hanya ce da shigarta ta fi fitarta sauƙi.

Har wa yau jiki yana da agogonsa na awa 24, wanda binciken yadda yake aiki ya sa aka ba Hall da Rosbash da Young kyautar Nobel a 2017. Haske ne ke saita agogon nan. In duhu ya yi jiki yakan fitar da sinadarin melatonin mai shirya shi don barci, haske mai ƙarfi kuwa yana jinkirta shi. Wayar hannu a kan gado tana da laifi biyu, ga haskenta, ga kuma hirar da ba ta ƙarewa, na biyun ma ya fi. Agogon samari da 'yan mata dama yakan karkata zuwa dare, don haka ba kullum ne lalaci ke hana su tashi ba. Abin da ya fi gyara shi shi ne tsayar da lokacin tashi ɗaya, har Asabar da Lahadi, da fita cikin hasken safiya.

Ƙailula, wadda mutanen ƙasar Hausa suka daɗe da sani, tana da amfani ƙwarai, musamman a watannin bazara da zafi ke hana barcin dare. Sai dai kada ta wuce minti 20 zuwa 30, kada kuma ta kai la'asar sakaliya, in ba haka ba ta cinye rabon dare.

Ba daidai ba ne a ɗora wa ɗalibi nauyin duka. Ɗakin da aka gina don mutum huɗu aka cusa takwas, ga sauro, ga wutar lantarki da ba ta zuwa sai tsakar dare, ba wurin barci ba ne, kuma hukumar da ta jera jarrabawa uku cikin kwana biyu ita ta rubuta wa ɗalibai takardar kwana zaune. Gidan sauro da yarjejeniya tsakanin abokan ɗaki a kan lokacin kashe fitila suna rage wani abu. Wanda kuwa barci ke ƙaurace masa dare uku a mako har wata uku, ko mai minshari mai ƙarfi da numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci, ko wanda rashin barcinsa ya zo tare da baƙin ciki mai tsanani, asibitin makaranta ya kamata ya nufa, gama waɗannan duka suna da magani.