Sauya rediyon mota ba tare da yanke wayoyi ba

Direbobin da ke bin hanyar Kano zuwa Jos, daga Kwanar Dangora su ratsa Tudun Wada da dajin Falgore su shiga Doguwa, sun daɗe da mayar da rediyo abokin tafiya. Sai dai yawancin motocinsu, irin su Golf da Sharan da Peugeot 406, sun zo ne daga Turai da rediyon kaset ko na faifai, wanda ko dai ya mutu ko kuma ba ya karɓar mimori da Bluetooth.

Wannan ya sa da yawa ke sayen sabo a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano. Matsalar takan taso ne wajen ɗaurawa.

Hanyar da aka fi sabawa da ita ita ce mai wayarin ya datse soket ɗin da motar ta zo da shi, ya fere wayoyin, ya murɗa su da na sabon rediyon, sannan ya naɗe da salatif. Aikin yana da sauri, kuma a ranar rediyon zai yi magana. Amma zafin rana kan saki salatif ɗin, jijjigar hanya kuma ta kwance murɗin. Idan waya mai wuta ta taɓa ƙarfen mota, mafi sauƙin abin da zai faru shi ne fis ya ƙone. Idan kuwa an riga an ɗaure fis ɗin da zaren waya, kamar yadda wasu ke yi, to wayar ce za ta yi ta zafi har gaban motar ya kama.

Soket mai baki biyu

Akwai wani ɗan guntun haɗin wayoyi da aka ƙera domin kauce wa wannan. Baki ɗaya yana shiga soket ɗin motar, ɗayan kuma yana haɗuwa da rediyon, ba tare da an taɓa ko waya ɗaya ta motar ba. Duk ranar da aka so sayar da motar, sai a zare a mayar da na asali.

Motocin Turai da dama na shekarun 1990 suna amfani da soket iri ɗaya da ake kira ISO 10487, mai gida biyu: na wuta da na lasifika. Toyota da Honda da Nissan kuwa kowanne da nasa fasalin, don haka dole a sayi wanda ya dace da kamfani da shekarar motar.

A ɓangaren rediyo, manyan kamfanoni kamar Pioneer da Sony da Kenwood sun yi tarayya a kan launuka. Rawaya ita ce wutar batir da ba ta yankewa. Ja tana samun wuta ne kawai idan an murɗa makulli. Baƙa tana zuwa jikin ƙarfen mota, shuɗiya kuma ta eriya ce. Fara da mai ruwan toka na lasifikan gaba ne, hagu da dama, koriya da shunayya kuma na baya.

Launukan wayoyin cikin motar ba sa bin wannan tsari. A motoci da yawa, waya mai rigar rawaya ko soket mai rawaya na jakar iskar nan ce da ke kare direba lokacin hatsari, kuma gwada ta da fitilar gwaji na iya tayar da jakar. Shi ya sa ake fara cire kan batir na nagatif kafin a taɓa komai.

Rediyon da ke mantuwa

Masu Volkswagen da Opel sun fi kowa sanin wannan ƙorafi: an ɗaura sabon rediyo, amma duk safiya sai an sake neman tashoshi. Dalili shi ne a yawancin waɗannan motoci an musanya matsayin wutar batir da ta makulli a cikin soket ɗin. Gyaran bai wuce a sauya wa ja da rawaya gurbi ba, kuma soket mai kyau yakan zo da mahaɗar da aka tanada domin haka.

Kuskuren da ya fi wannan tsada shi ne a haɗa ja da rawaya duka a kan wutar batir. Rediyon ba zai mutu da makulli ba, kuma motar da ta yi kwanaki a ajiye za a iya samun batirinta ya sauka. Manyan motoci irin su DAF da MAN da ke ɗaukar masara da rake kuwa suna aiki ne da bolt 24, rediyon mota kuma na bolt 12 ne, don haka sai an sa na'urar rage wuta in motar ba ta zo da ita ba.

Nisa da Kano

Ga mazaunin Bebeji ko Kiru, tashoshin FM irin su Radio Kano a kan 89.3 da Freedom Radio a kan 99.5, wadda ta fara aiki a 2003, ba su da wuyar kamawa. Doguwa kuwa ta haura kilomita 100 daga birnin, ga kuma duwatsun Riruwai, kuma zangon FM ba ya son nisa ko tsauni. A nan ne ƙaramin aibu a eriya ke bayyana.

Yawancin motocin Volkswagen masu eriya a kan rufi suna da 'yar na'urar ƙara ƙarfi a gindinta, wadda tsohon rediyon ke ba wuta ta cikin wayar eriyar. Sabon rediyo ba ya yin haka. Sai an sa wata mahaɗa ta daban an jona ta da shuɗiyar waya, in ba haka ba tashoshi za su riƙa dusashewa tun kafin a kai Tudun Wada, direba ya ɗauka jabu aka sayar masa.

Akwai kuma batun ƙasar da aka ƙera wa rediyon. Tsofaffin rediyoyin kasuwar Japan suna tsayawa ne daga 76 zuwa 90, saboda haka za su kama Radio Kano amma ba za su kai ga Freedom ba. Na Amurka kuma suna tsallake goma-goma a matsakaicin zango, alhali a Afirka tara-tara ake amfani da shi, sai dai wasu sababbin na da wurin sauya wannan tsari a cikin saitinsu.