Abin da kociyoyin yara a Daura za su ara daga ƙwallon Amurka

Duk wanda ya leƙa filayen makarantu a Daura tsakanin La'asar da Magariba ya san yadda atisaye ke gudana: yara 11 da koci ya amince da su suna ta fafatawa, sauran na bakin fili, aikinsu tsinto ƙwallo. Waɗannan na bakin fili su ne ke fara daina zuwa.

Ƙwallon Amurka, wadda ake ɗauka a hannu a ruga da ita, ta daɗe da samar wa irin waɗannan yara aiki. Ana haɗa su a tawagar kwaikwayo, wadda ke buga salon abokan karawa na gaba, domin 'yan wasan farko su saba da shi kafin ranar wasa. Har ma akan sanya wa ɗaya daga cikinsu riga mai lambar gwanin wancan ɓangare. Daga irin wannan tawaga Rudy Ruettiger na Jami'ar Notre Dame ya fito; a 1975 aka saka shi a wasa, kuma a 1993 aka yi fim kan labarinsa.

Sirrin tsarin shi ne tattalin lokaci. Tun a gida koci ke zana kowace dabarar abokan karawa a kan kati. A fili sai mataimakinsa ya ɗaga katin, kowane yaro ya ga inda zai tsaya da inda zai bi, a buga, a ɗaga na gaba. Ba a tsayawa dogon jawabi. Kati shida da yara suka gane sun fi ashirin da suka rikita su, kuma wannan ne kuskuren sabon koci: yana so ya nuna duk abin da ya sani a yamma ɗaya.

Babu abin da ke hana yin haka a ƙwallon ƙafa. Idan ƙungiyar unguwa za ta kara da ta Mai'aduwa ko Sandamu, ya isa a tura mutum ɗaya ya kalli wasansu, ya lura da yadda suke bugun kusurwa da gefen da suka fi kai hari ta shi. Minti 20 na atisaye sun wadatar, matuƙar an faɗa wa 'yan kwaikwayon su buga da gaske. Idan suka riƙa sassautawa don kada su ɓata wa manya rai, an yi aikin banza. Wanda ya yi fice kuwa, a ba shi dama ranar wasa.

Ita kanta ƙwallon Amurkan tana matsowa. Hukumar NFL ta yi sansanin neman matasa a Legas a 2024, kuma nau'inta da ake fizge ƙyalle maimakon kayar da mutum zai shiga gasar Olamfik ta Los Angeles a 2028.