Ƙashin Bakwaini: Ta Yaya Ake Gane Ƙwarinsa?

Lokacin da nake aikin koyon sana'a a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti, an kawo mana jinin wata bakwaini, wai a duba lafiyar ƙashinta. Na ce a raina, ƙashi kuma a cikin jini? Ashe da dalili.

Kusan kashi 80 cikin 100 na kalsiyam da fosfaras da ke ƙarfafa ƙashin jariri, a watanni ukun ƙarshe na ciki yake samunsu daga uwa ta mabiyiya. To wanda ya fito kafin mako 28, ko nauyinsa bai kai kilo ɗaya da rabi ba, ya bar rabonsa a baya ke nan. Yana kwance a kwalba, amma ƙashin na nan ba ƙwari, har haƙarƙari kan iya tsagewa wajen juya shi. Matsalar kan fito fili ne daga mako 6 zuwa 12 bayan haihuwa.

Za ka ce ai sai a ɗauki hoton ƙashi. Hoton makararre ne: ba ya nuna komai sai ƙashin ya rasa kashi 20 zuwa 40 na sinadaransa. Na'urar DEXA ta fi shi nesa ba kusa ba. Tana aika haske kala biyu masu ratsa jiki, ta ware abin da tsoka ta tare da wanda ƙashi ya tare, ta ba da sakamako da giram. Sai dai tana da tsada, ba ta ɗaukuwa, kuma dole jaririn ya kwanta cik. Wa zai ciro bakwaini mai robar iska a hanci ya kai shi wani sashe? Akwai kuma ƙaramar na'ura da ake ɗorawa a ƙwauri, ta auna saurin sauti cikin ƙashi.

Mu dai a nan, jini ne abin da ya fi samuwa. Idan fosfaras ya yi ƙasa, sinadarin ALP ya hau, likita zai fara zargi. Kalsiyam kuwa mayaudari ne, yakan fito daidai saboda jiki na kwaso shi daga ƙashin.

'Yan ajinmu, a kula: idan ƙwayoyin jinin suka fashe wajen ɗiba, fosfaras ɗin cikinsu zai zubo, sakamako ya nuna lafiya lau alhali ba haka ba. Sai a fasa ƙara wa yarinya sinadaran da ake haɗawa da nonon uwa. Ranar, jinin da aka kawo ya yi ja bayan an tace, oga ya ce a koma a sake ɗiba.