Wace Magana Ce Ke Kai Mutum Kurkuku a Duwala?

Babban kurkukun Duwala yana cikin New Bell, yankin da Hausawa suka daɗe da kafa unguwarsu. Daga cikin waɗanda suka kwana a ciki akwai waɗanda bakinsu ko alƙalaminsu ne ya kai su. A Disamba 1997 aka kama Pius Njawé, mai jaridar Le Messager, saboda ya buga labarin cewa Shugaba Paul Biya ya yi rashin lafiya yana kallon wasan ƙwallo. Sai da ya yi kusan wata goma kafin a yi masa afuwa. A 2008 mawaƙi Lapiro de Mbanga ya yi waƙar sukar gyaran tsarin mulkin da ya cire iyakar wa'adin shugaban ƙasa. Aka tuhume shi da hannu a tarzomar Fabrairun shekarar, aka yanke masa shekara uku, bai fito ba sai 2011. Mutane da yawa sun yi imani waƙar ce ainihin laifinsa.

Babu ɗayansu da ya ce a far wa wata ƙabila. Masu mulki suka taɓa, hukunci kuma bai yi jinkiri ba.

Amma akwai wata irin magana da ke yawo a kasuwa, a tashar babura, a kan gadar Wuri mai zuwa Bonaberi, wadda ba a cika ɗaure kowa a kanta ba. Tun da rikicin Boko Haram ya shigo arewacin Kamaru, ɗan kasuwa mai doguwar riga da hula yakan ji an jefe shi da sunan ƙungiyar, wai wasa ne. Wanda aka faɗa wa ya san abin ya wuce wasa, domin irin wannan suna shi ke sa a tsare mutum a shingen bincike fiye da kowa, shi ke sa mai gida ya yi ɗari-ɗari da ba shi haya. Bayan zaɓen Oktoba 2018 lamarin ya ƙara ƙamari a Facebook, inda magoya bayan Biya da na abokin takararsa Maurice Kamto suka riƙa laƙaba wa juna sunayen da ke nuna ƙabila a fakaice.

A Disamba 2019 aka ƙara sashe na 241-1 a dokar hukunta laifuffuka. Wanda ya furta kalaman ƙiyayya ko ya tunzura jama'a a kan wata ƙabila zai sha ɗaurin shekara ɗaya zuwa biyu, da tarar sefa 300,000 zuwa miliyan 3. Idan ma'aikacin gwamnati ne, ko shugaban jam'iyya, ko na gidan jarida, ko na addini, hukuncin ya ninka. Wannan ninkin ya dace, domin maganar mai mumbari tana kai wa inda ta ɗan tireda ba za ta kai ba.

Damuwata ita ce hannun da ke riƙe da dokar. Shugaba yana da kakaki, yana da gidan talabijin na CRTV, zai iya mayar da martani ga duk mai sukarsa. Mai sayar da kilishi a New Bell ba shi da ko ɗaya, kuma shi ne ya fi buƙatar kariya. Nauyin ya hau kanmu mu Hausawa ma: limamai da masu unguwa su daina kau da kai idan yaranmu suka tura saƙon zagin ƙabilar Bamileke ko ta Sawa a WhatsApp, domin sashen nan na 241-1 bai ware Bahaushe ba.