Lambar ORCID da Rikicin Takwara a Duniyar Bincike

Tun ba a yi mafarkin kwamfuta ba malaman hadisi suke fama da matsalar takwara. Idan mai ruwaya ya ambaci Sufyanu bai ƙara komai ba, wanne yake nufi, Sauri ko Ibn Uyaina? Idan ya ce Hammadu, ɗan Zaidu ne ko ɗan Salama? Abin ya kai ga an ware masa fanni guda, har Khaɗib al-Bagdadi, wanda ya rasu a shekara ta 463 bayan Hijira, ya rubuta littafi sukutum a kan masu ruwayar da sunansu da na iyayensu suka zo ɗaya alhali mutanen daban ne. A wurinsu wannan ba ƙaramin lamari ba ne, domin wani na iya zama amintacce takwaransa kuma mai rauni, ga shi ingancin ruwaya ya rataya ne a kan gane wanne daga ciki ake magana.

Masu bincike na wannan zamani sun gaji matsalar, har ma tasu ta fi muni. Ana buga miliyoyin maƙalu a mujallun ilmi kowace shekara, kuma al'adar mujallun ita ce a taƙaita sunan marubuci zuwa sunan ƙarshe da harafi ɗaya ko biyu. A Koriya ta Kudu kusan mutum ɗaya cikin biyar Kim ne. A ƙasar Sin masu amsa sunan Wang ko Li ko Zhang, kowane ɗaya daga ciki, sun fi al'ummar ƙasashe da yawa. To ka ce wa na'ura ta tattaro maka ayyukan wani "Y. Wang", ka ga irin kwamacalar da za ta kwaso.

Mu ma dai ba mu tsira ba, kuma namu rikicin hawa-hawa ne. Da farko sunayen yankanmu ba su da yawa: Muhammad, Abubakar, Umar, Usman, Aliyu, Ibrahim, A'isha, Fatima. A tsangaya ɗaya ta jami'a ɗaya ana iya samun "M. Abubakar" fiye da guda. Sannan tsarin mujallun an gina shi ne a kan sunan dangi da ake gada kaka da kakanni, mu kuwa galibi sunan uba muke jingina wa namu, wani ya ƙara da na kaka, wani kuma da sunan garinsu, kamar yadda aka san Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari. Shi ya sa mutum ɗaya zai fito da sunan mahaifinsa a maƙalar farko, da sunan garinsu a ta biyu, ta uku kuma edita ya juya masa sunan gaba ya koma baya. Ga bambancin rubutu: Muhammad, Mohammed, Muhammadu. Ka tsallaka Nijar, Usman ya koma Ousmane, Yusuf ya koma Issoufou. Ƙugiyar harafin Ɗ na Ɗanjuma kuwa sau da yawa a hanya take faɗuwa kafin ta isa rumbun bayanai. Mace mai bincike da ta fara bugu da sunan mahaifinta, ta koma amfani da na mijinta bayan aure, a idon na'ura ta zama mutum biyu, kowacce da rabin aiki.

Asarar a zahiri take. A jami'a, ƙarin girma yana tafiya ne da abin da malami ya buga, kuma kafin a kai ga kujerar farfesa sai an tura ayyukansa ga masu tantancewa daga waje. Masu ba da tallafin bincike su ma sukan leƙa intanet su ga me mutum ya taɓa yi. Wanda ayyukansa suka warwatse a ƙarƙashin sunaye uku zai bayyana kamar malalaci. Wani kuma ya wayi gari an jingina masa maƙalar takwaransa da aka janye saboda satar fasaha.

Domin warware wannan ne aka kafa ORCID, ƙungiya ce da ba ta neman riba, wadda aka yi wa rajista a Amurka a 2010, ta kuma fara raba lambobi a watan Oktoba na 2012. Abin da take yi ba shi da sarƙaƙiya: tana ba kowane mai bincike lamba mai gurbi 16, a jere huɗu-huɗu, wadda ba za a taɓa ba wani ba. Wanda ya san BVN ya riga ya fahimci rabin zancen, wato ko banki nawa ka buɗe asusu, lambarka ɗaya ce. Haka nan ko ka bar Zariya ka koma Sakkwato, ko ka sauya suna, ko ka sauya fanni, lambar ORCID tana nan yadda take. Gurbi na ƙarshe ma da hikima aka sa shi. Ana lissafo shi ne daga sauran 15 ɗin, ta yadda idan aka yi kuskure wajen kwafa, na'ura za ta gane lambar ba ta daidaita ba. Idan lissafin ya ba da 10, sai a rubuta X, shi ya sa za ka ga wasu lambobin sun ƙare da harafi.

Rajista kyauta ce ga ɗaiɗaikun mutane, suna da adireshin imel kawai ake buƙata. Jami'o'i da kamfanonin ɗab'i da hukumomin tallafi su ne suke biyan kuɗin zama mamba, da shi ake gudanar da ƙungiyar. Zuwa ƙarshen 2020 lambobin da aka raba sun kai miliyan 10.

Sai dai lambar ita kaɗai ba ta tsinana komai. Amfaninta yana fitowa ne idan ta haɗu da 'yar'uwarta, wato DOI, lambar da ake ba ita maƙalar kanta, wadda kullum take farawa da 10. Yawancin mujallu daga Crossref suke karɓar DOI, hukumar da masu ɗab'i suka kafa a 2000. Idan za ka tura maƙala, mujallar za ta nemi ka shiga asusunka na ORCID ka tabbatar da lambar. Ranar da maƙalar ta fito, mujallar za ta aika wa Crossref bayananta haɗe da lambarka, Crossref kuma, idan ka ba ta izini, ta saka maƙalar a shafinka ba tare da ka ɗaga yatsa ba. Tun 2015 ake wannan. A nan ne mutum da aikinsa suke ƙulluwa, ko da an rubuta sunansa iri biyar.

Ba kowa ne ya karɓi abin don ra'ayin kansa ba, tilas ma ta yi aikinta. Gidauniyar Wellcome ta Ingila ta wajabta wa masu neman tallafinta lambar tun 2015. A farkon 2016 wasu manyan masu ɗab'i, cikinsu har da PLOS da eLife da Royal Society, suka sanar cewa za su riƙa neman ta daga marubuta. Hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ita ma ta bi sahu ga masu neman tallafin horo da ƙaro ilmi.

Akwai wasu lambobin da suka riga ta. Kamfanin Elsevier yana da tasa a rumbun Scopus, Thomson Reuters kuma ya fito da ResearcherID a 2008. Matsalar ta Scopus ita ce na'ura ce take hasashen wace maƙala ta wane ce, don haka takan raba mutum ɗaya gida biyu, ko ta cakuɗa mutum biyu. Kuma duka biyun mallakar 'yan kasuwa ne, sun fi ganin mujallun da suke cikin rumbunsu. A ORCID kuwa mai lambar ne yake riƙe da linzami. Shi zai jera duk sifofin da aka taɓa rubuta sunansa da su, shi kuma zai zaɓi abin da kowa zai gani, da wanda sai hukumomin da ya amince wa, da wanda ya ɓoye wa kansa.

Inda nake ganin ana yawan ruɗuwa shi ne ɗaukar lambar a matsayin shaidar malanta. Wasu har suna liƙa ta a ƙarƙashin sunansu kamar wani digiri. ORCID ba ta tambayar takardar shaida, ba ta auna ingancin aiki, ba ta ma tabbatar da cewa sunan da ka rubuta naka ne. Hujja mafi ban dariya ita ce lambar da ƙungiyar kanta take kafa misali da ita, 0000-0002-1825-0097, ta Farfesa Josiah Carberry ce, wai masanin fasassun tukwane a Jami'ar Brown. Mutumin ba a taɓa haihuwarsa ba, barkwanci ne da aka ƙirƙira a jami'ar tun 1929. Saboda haka mai duba shafin wani ya lura da majiyar kowane bayani, domin shafin yana nuna wanda ya saka shi. Abin da jami'a ko mujalla ta saka da kanta ya fi nauyi a kan wanda mai shafin ya rubuta da hannunsa. Malaman hadisi ma, bayan sun gano wane Hammadu ne, sai sun koma sun binciki halinsa.

Kuskuren da ya fi yawa a wajen masu rajista shi ne mantuwa. Mutum ya yi rajista cikin gaggawa saboda mujalla ta matsa masa, ya manta kalmar sirri, baɗi ya sake buɗe wata, sai ga shi da lamba biyu, wato ya dawo da cutar da aka zo magancewa. Ana iya haɗe su, ɗaya ta koma tana nuni zuwa ga ɗayar, amma sai mai su ya nema. Yana da kyau kuma a ƙara imel na ƙashin kai bayan na wurin aiki, domin na jami'a yakan mutu ranar da aka bar ta.

Babban giɓin da ya rage a wajenmu yana ɓangaren mujallu ne. Da yawa daga cikin mujallun sassan jami'o'inmu, musamman na harshe da adabi da tarihi, a takarda kawai suke fitowa, ko kuma a ɗora su a intanet ba DOI. Irin waɗannan ba za su taɓa shiga shafin mutum da kansu ba, sai ya zauna ya shigar da su ɗaya bayan ɗaya, kuma ORCID ta yarda da hakan, har da littattafai da babi-babi da takardun taro, ko da da Hausa aka rubuta su. Amma samun DOI ba aikin marubuci ba ne. Editoci da hukumomin jami'a ne za su yi wa mujallunsu rajista da Crossref, su kuma riƙa neman lambar ORCID daga duk wanda ya kawo musu maƙala.