Santimita Ɗaya a Hanyar Kwanar Ɗangora

Tun da kuɗin aikin hanyar Abuja zuwa Kano ya tashi daga naira biliyan 155 na kwangilar 2017 zuwa biliyan 797 a 2021, hirar direbobi a Kwanar Ɗangora ba ta wuce "an sace kayan aiki". Mai yiwuwa ne. Amma ɓarnar da ta fi cin kuɗi ba a buhu ake ɗauke ta ba.

Masu ƙiyasi sun saba ware kashi 5 zuwa 10 cikin 100 saboda asarar da ba makawa: kwaltar da ta huce a tifa kafin a shimfiɗa, tsakuwar da ta zube a hanya, jar ƙasar da ke ƙanƙancewa in rola ta bi ta kai. Ga lissafin da kowa zai iya yi. Titi mai faɗin mita 7.3, in kaurin kwaltarsa ya ƙaru da santimita ɗaya kacal, kowace kilomita za ta ci ƙarin kusan tan 175. In kuwa ragewa aka yi, an biya kuɗin tan 175 da ba su taɓa sauka ba, kuma ido ba ya gani sai damina ta tona. A ɓangaren Zariya zuwa Kano kuwa, an rage ɓarna: kamfanin Julius Berger ya kankare tsohuwar kwalta ya sake sarrafa ta, abin a yaba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ramukan ɗiban ƙasa. Bi hanyar Tudun Wada zuwa Doguwa ka waiwaya gefe: gonar da aka yashe, bakinta a tsaye kamar an yanka da wuƙa, ruwa kore shar a kwance. Manomi ya karɓi 'yan kuɗi sau ɗaya, ya rasa ƙasar noma har jikoki. Da damina sauro ya samu gida, yara su mai da wurin wajen wanka, wani ya shiga bai fito ba. Kududdufan birnin Kano ma haƙar ƙasar gini ce ta haife su, mun kuma san wahalarsu.

Tun 1992 akwai dokar tantance illar manyan ayyuka ga muhalli. To, wane injiniya ne ke hana ɗan kwangila kuɗin ƙarshe sai ya cike raminsa? Shugabannin ƙananan hukumomin Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa su ƙirga ramukan yankinsu, su nemi a rubuta kuɗin cike su cikin takardar ƙiyasi tun kafin katafila ta iso.