Ko Ka Sani? Salularka Ma Tana Awo da Tiya da Buhu

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen ƴan hatsi a kasuwar Tanut ko ta Bakin Birji lokacin kaka ya san awo kashi biyu ne. Uwargida mai neman na tuwon dare tiya take so. Dillalin da ya zo da babbar mota zai kai gero Agadas kuwa, ina shi ina tiya? Buhu yake ƙirgawa, don buhu mai kilo 100 ya haɗiye tiya kusan 40. To, ko ka san salular da ke aljihun dillalin nan ita ma lissafin da take fama da shi ke nan dare da rana?

A cikin kowace wayar Android, Tecno ce ko Itel ko Samsung, akwai manhajar Linux, wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubutawa a 1991. Ita ce ma'ajin gidan. Ita ke raba ƙwaƙwalwar aiki, wadda masu gyaran waya ke ce wa ram, tsakanin WhatsApp da Facebook da sauransu. Ba ta yin rabon da ka. Yanka ƙwaƙwalwar take yi gunduwa-gunduwa daidai wa daida, kowace gunduwa sunanta shafi. Dabarar ta tsufa, tun kwamfutar Atlas ta jami'ar Mancesta a Ingila, a 1962. Shafin da aka saba da shi kilobait 4 ne, kuma shi ne tiyarmu.

Waya mai ram giga 4 tana da irin wannan shafi 1,048,576. Kowanne Linux na ware masa bait 64 na rajista, wato mega 64 sun tafi a rubuta sunaye kawai. Wannan ma da sauƙi. Inda gizo ke saƙar shi ne, manhaja ba ta san ainihin inda kayanta suke ba. Adireshin aro ake ba ta, kuma duk sanda ta miƙa hannu, sai injin lissafin wayar ya fassara adireshin ya gano shafin gaskiya. Babban kundin fassarar yana da nisa, sai an bi hawa uku ko huɗu kafin a kai ga amsa. Don haka injin ke riƙe da wani ɗan allo kusa da shi, mai suna TLB, inda yake rubuta adireshin da ya duba kwanan nan. Allon ƙarami ne ƙwarai, gurabensa ba su wuce ƴan dubbai ba ko a manyan injuna.

A ce allon na da gurbi 1,024. Da shafin kilobait 4, mega 4 kacal zai iya tunawa. Da za a ba shi shafi mai mega 2, wanda ya haɗiye ƙanana 512, gurabun nan dai za su rufe giga 2. Ga amfanin buhu nan. Akwai ma shafi mai giga 1, daidai da ƙanana 262,144, wanda manyan kwamfutocin ajiyar bayanai ke amfani da shi.

Me ya hana a koma buhu gaba ɗaya a huta? Abu biyu. Na farko ɓarna: manhajar da ta nemi tiya ɗaya, ka ɗora mata buhu, ragowar 39 sun zauna ba mai ci. Na biyun ya fi wuya. Babban shafi sai ya samu fili a jere, ba tsinkewa. Ka duba shagon da aka cika da ƙananan ƙullin kaya, aka yi ta ɗauka nan da can: in ka haɗa gurabun da suka buɗe za su kai wurin buhu goma, amma ba lungu ɗaya da buhu guda zai zauna. Haka ƙwaƙwalwa take zama in na'ura ta daɗe a kunne. Shi ya sa masu kula da manyan kwamfutoci ke ware shafukan giga 1 tun lokacin tayar da na'ura, kafin ƙananan kaya su watsu.

Da farko girman babban shafi ɗaya tak Linux ke iya riƙewa a lokaci guda. A 2008 aka gyara ta yadda kowane girma zai samu rumbunsa, da nasa lissafin na abin da aka ware da abin da ya rage. Sai dai abin da aka zuba a rumbun manya ya haramta ga ƙananan manhajoji, ko da yana zaune ba aiki. A 2022 aka ƙara hanyar farke shafin giga 1 ya koma masu mega 2 guda 512. Farke buhu ba wuya, tattara hatsin da ya watse a mayar shi ne aiki.

A 2011, Andrea Arcangeli na kamfanin Red Hat ya shigar da tsarin da Linux ke haɗa manyan shafuka da kanta, ba sai an roƙe ta ba. Ya taimaki wasu, ya dami wasu, har masu manhajojin ajiyar bayanai da dama suka riƙa ba da shawarar a kashe shi. A ganina laifin na tazara ne: daga tiya sai buhu, ba komai a tsakani, alhali ko a kasuwa akwai rabin buhu. Sai a Maris 2024 aka samu matsakaita, masu kilobait 16 da 32 da 64 zuwa sama.

Abin ya iso aljihunmu. Android 15 na iya aiki da shafin kilobait 16, girman da iPhone ta daɗe a kai. Google ya ce a gwajinsa saurin waya ya ƙaru da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, amma ta ƙara cin ƙwaƙwalwa da kusan kashi 9. Ga mai waya mai giga 12 wannan ba komai ba ne. Ga mai giga 2, wanda wayarsa ke rufe WhatsApp da zarar ya buɗe kamara, kashi 9 ba abin wasa ba ne. In za ka sayi salula a Tanut ko Damagaram, kafin ka tambayi kyan hotonta, tambayi ram nawa gare ta.